Maganin tsutsar ciki shi kaɗai ba ya sa yaro girma

A ƙauyukanmu in yaro ya rame, ciki ya yi gaba, gashi ya yi ja ya yi laushi, to hukuncin ɗaya ne kuma kowa ya haddace shi, wai tsutsa ce. Kaka za ta faɗa, maƙwabciya za ta faɗa, uban yaro na dawowa daga gona za a tare shi da maganar ya kawo kuɗin maganin tsutsa, shi kuma da yake abin ba tsada sai ya miƙa ba musu. A je kemis a karɓo Zentel ko wani abu mai kama da shi, a ɗura wa yaro, a jira a ga ko zai kasayar da wani abu. In ya fitar da macijin ciki an huta, an gano mai laifi. In bai fitar ba a ce maganin ne ba mai kyau ba, a sake sayo wani. Wata uku wata huɗu yaro na nan yadda yake, wuya kamar zai tsinke, sa'anninsa sun fi shi tsayi, amma hankalin gida ya kwanta saboda ai an yi magani.

Ni fa ba ina cewa tsutsa ba ta da illa ba ne, tana da ita sosai ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen biliyan 1.5 ne ke ɗauke da irin tsutsotsin nan da ake ɗauka daga ƙasa, kusan ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya kenan. Manyansu uku ne. Akwai macijin ciki wanda kowa ya sani, yana kai santimita 35 a tsayi, macen kuma tana zuba ƙwai wajen 200,000 a rana ɗaya tal, ku sake karantawa, a rana ɗaya. Ƙwan nan yana fita cikin kashi, sai ya yi sati biyu zuwa uku a ƙasa kafin ya nuna ya iya kama wani, daga nan yaro ya kwasa a hannu ya kai baki. Abin mamaki ma shi ne ba ya tsayawa a hanji kai tsaye, in ya ƙyanƙyashe sai ya huda hanji ya bi jini ya je huhu, ya hauro maƙogwaro a sake haɗiye shi, sannan ya zauna ya girma. Shi ya sa wani yaron za ka ji yana ta busasshen tari ba mura ba komai. Daga haɗiye ƙwan zuwa lokacin da sabuwar tsutsa za ta fara nata ƙwan ana ɗaukar wata biyu zuwa uku.

Ta biyu ita ce mai ƙugiya a baki, wadda ba ta buƙatar ka ci komai, ta fatar ƙafa take shiga in ana yawo ba takalmi a ƙasa mai danshi inda aka yi ba-haya. Ita wannan jini take sha, tana maƙale a bangon hanji, guda ɗaya ba wani abu ba ne amma in suka yi ɗari biyu ɗari uku a cikin yaron da dama can ba nama ba ƙwai a abincinsa, ko mai ciki da jininta dama a ƙasa yake, to nan ne za ka ga tafin hannu fari fat, ido fari, kasala, numfashi sama-sama. Ta ukun siririya ce mai zama a babban hanji, in ta yi yawa tana sa zawo da jini har wani lokaci duburar yaro ta zazzago, mutane su ce basir ne. Tsila daban ce, ita daga naman da bai dahu ba ake samunta, haka tsargiya ma daban, ta ruwan rafi da dam ce kuma maganinta daban.

To ga inda maganar take. Jaririn da bai kai wata shida ba, yana kan nono, yana goye a baya, da wuya ƙwarai a ce tsutsa ce ke hana shi girma, don bai ma fara hulɗa da ƙasa ba balle ta samu lokacin girma a cikinsa. Sai ya fara zama, ya fara rarrafe, komai ya gani baki, sannan ƙofa take buɗewa. Ka'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2017 ta ce rabon maganin tsutsa daga wata 12 yake farawa. Yaro mai wata 12 zuwa 23 rabin ƙwayar albendazole ake ba shi, miligiram 200, daga shekara biyu zuwa sama cikakkiya, miligiram 400, ko kuma mebendazole miligiram 500. Sau ɗaya a shekara in masu tsutsa a yankin sun kai kashi 20 cikin 100, sau biyu in sun haura kashi 50. Ƙasa da shekara ɗaya babu shi a cikin rabon nan kwata-kwata, in ana zargin yana da tsutsa ma'aikacin lafiya ne zai duba ya yanke, ba yaron kemis ba.

Kuma ina jin haushin wasu masu kemis ɗin nan wallahi. Mace za ta zo ta ce "Malam a ba ni maganin tsutsa na yara", maimakon ya ce "Maman wa, watansa nawa ne?" sai kawai ya juya ya ɗauko kwalba ya faɗi kuɗi. Akwai masu tsoron Allah a cikinsu da suke tambaya har su ce a wuce asibiti, amma ba su da yawa. Sannan ita ƙwayar ba a jefa wa ƙaramin yaro ita a baki haka nan yana kuka ana danne shi ana toshe hanci, yara sun sha shaƙewa ta haka. Ɗan ƙasa da shekara uku a murƙushe masa ita a cokali a dama da ruwa mai tsafta, a zaunar da shi, in ya ƙi a bari ya huce.

A makon lafiyar mata da ƙananan yara da ake yi sau biyu a shekara a Najeriya kyauta ake bayarwa, tare da ɗigon sinadarin bitamin A ɗin nan mai ja da shuɗi, shi daga wata shida ake fara shi. Na sha zama wajen rabon nan ina taya su rubuta kati, kuma abin da na lura shi ne uwa za ta zo da ɗan wata takwas ta ga an ba na kusa da ita ƙwaya nata ba a ba shi ba, sai ranta ya ɓaci ta ce ana son kai, in ba a yi mata bayani ba tana fita kemis za ta nufa. Minti ɗaya na bayani ya isa amma layi ya yi tsawo rana ta take kowa a gajiye.

Yanzu tambayar da ta fi damuna, shin in an ba yara maganin nan suna ƙara girma? Amsar ba ta da daɗin ji kamar yadda ake tallata ta. Labarin da ya sa duniya ta rungumi abin daga Kenya ya fito, yankin Busiya, inda Edward Miguel da Michael Kremer suka bi makarantun firamare 75 suka wallafa sakamakonsu a 2004, suka nuna rashin zuwa makaranta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a inda aka raba magani. Kremer ɗin nan shi ne ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019 tare da wasu mutum biyu. Amma ku lura, 'yan makaranta ne, kuma a bakin tafkin Biktoriya inda tsutsa ta yi katutu. Da aka je jihar Uttar Pradesh a Indiya aka yi gwaji kan ƙananan yara wajen miliyan ɗaya, ana ba su albendazole duk wata shida, sakamakon da ya fito a 2013 ya nuna nauyinsu kusan bai bambanta da na waɗanda ba a ba ba, dama can tsutsar yankin ba ta da yawa a cikin kowane yaro. A garin Ikitos na ƙasar Peru ma an gwada mebendazole a kan yara 'yan shekara ɗaya zuwa biyu, ba a ga wani bambancin a-zo-a-gani a girmansu ba. Masanan Cochrane, masu tattara gwaje-gwaje su auna su tare, a 2015 da kuma 2019 suka ce raba wa kowa da kowa magani ba ya canja matsakaicin nauyi ko tsayi sosai, amma yaron da aka tabbatar yana da tsutsa in aka yi masa magani zai iya ƙara nauyi. Aka yi ta cacar baki a kan wannan tsakanin masana tattalin arziki da masana lafiya, wasu suka ce ai in ka haɗa masu tsutsa da marasa ita ka raba dole amfanin ya ɓace a lissafi, kuma suna da gaskiyarsu. Ni dai abin da na ɗauka shi ne maganin yana da amfani ga mai tsutsa da yawa, yana da arha, ba shi da wata illa babba sai ɗan murɗawar ciki ko tashin zuciya, don haka a ci gaba da bayarwa. Amma wanda ya ce maka shi ne zai warware tsumburewar yaran arewa, ya faɗa maka son ransa ne.

Ku duba ma taswirar ƙasar nan. Ƙwan tsutsa danshi yake so, zafin rana da bushewar ƙasa suna kashe shi, shi ya sa macijin ciki ya fi yawa a kudu inda ruwa ke sauka kusan duk shekara, ya fi ƙaranci a can sama wajen iyakar Nijar, sai fa wuraren fadama da noman rani inda ƙasa ba ta bushewa. Amma ina tsumburewa ta fi yawa? Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya ce kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, a arewa maso yamma kuwa kashi 57, Kebbi da Jigawa da Katsina duk sun haura 60. A Nijar ma kusan rabin yaran ne. Wato inda tsutsa ta fi ƙaranci nan yara suka fi tsumburewa. Wannan kaɗai ya isa mutum ya gane akwai wasu masu laifin da muke rufa wa asiri.

Na farko ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani, waɗanda ba tsutsa ba ne kuma ƙwayar albendazole guda ɗaya ba ta gamawa da su. Akwai giardiya, mai sa zawo mai kumfa da wari da kumburin ciki da yawan tusa, wani lokaci ma ba zawon sai dai yaro ya ƙi gaba, babban binciken nan da aka bi jarirai tun daga haihuwa a ƙasashe takwas ciki har da Tanzaniya da Bangladesh ya nuna yaran da suka kamu da ita da wuri sun fi gajarta. Akwai kiriftosforidiyom, wadda binciken zawon yara da aka wallafa a 2013 daga wurare bakwai ciki har da Mali da Gambiya ya saka ta cikin manyan abubuwa huɗu masu jawo zawo mai tsanani, musamman ga 'yan ƙasa da shekara biyu. Duk ta ruwa da hannu da kashin mutum ko na dabba suke shiga. Mu kuma duk zawon da ya kama yaro tsakanin wata shida da shekara biyu sunansa haƙori, a rataya masa laya a sayo Flagyl na ruwa a yi ta ba shi ba awo ba ƙa'ida. Haƙori ba ya sa zawo jama'a, lokacin ne kawai ya zo ɗaya da lokacin rarrafe da fara kunu da cusa komai a baki saboda dasashi na ƙaiƙayi. Abin da zawo ke buƙata da farko ruwan gishiri da sukari ne na leda da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14, da ci gaba da nono, sauran kuma a bar wa asibiti. Rigakafin rota ma, wato ƙwayar cutar da ke sa ƙananan yara zawo, wanda ake ɗigawa a baki, ya shigo jadawalin rigakafin Najeriya tun 2022, a kai yara.

Abin da ke faruwa a cikin hanjin irin yaran nan shi ne ya fi ba ni tausayi. Bangon hanji yana da wasu 'yan ƙananan tsiro masu tsotse abinci su kai jini. In yaro kullum yana haɗiyar ƙazanta, ko da bai yi zawo ba, sai tsiron nan su gajarce, bangon ya kumbura ya riƙa yoyo, jiki ya koma yaƙi da cuta dare da rana da ƙarfin da ya kamata ya tafi wajen gina ƙashi da tsoka da ƙwaƙwalwa. Yana ci amma rabin abin wucewa yake. A ƙauyukan Zimbabuwe wasu masu bincike sun zauna a gidaje suna kallon jarirai na awoyi suna rubuta duk abin da ya shiga bakinsu, suka ga ƙasa suke ci da hannu har da kashin kaji. Wa zai ce bai taɓa ganin haka a tsakar gidansu ba? Kaji na yawo, tumaki da awaki a ɗaure a gefe, an shimfiɗa tabarma an ajiye ɗan wata tara, uwa na can tana surfe ko tana wanki, yayarsa 'yar shekara biyar ce mai tsaro ita ma wasanta take. Ba sakaci ba ne fa, aiki ne ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Kuma ko tsutsar ma ai dawowa take. An tattara bincike da dama aka ga cewa bayan shekara ɗaya da shan magani, yawan masu macijin ciki yana komawa kusan kashi 94 cikin 100 na yadda yake da. Kamar sharar tsakar gida ce da hunturu, kana sharewa iska na dawo da ita. Ƙwayar tana kashe na cikin ciki amma ba ruwanta da ƙwan da ke bayan gida da bakin kwata da gonar bayan gari. Mutum sama da miliyan 40 ne ke ba-haya a fili a Najeriya. Jigawa ce jiha ta farko da aka ayyana ta rabu da wannan a 2022, abin a yaba ne, sai dai masai yana cika yana rushewa da damina, in ba a ci gaba da bi ba a koma gidan jiya. Sannan ga wani abu da muke rainawa, kashin yara. Ana ganin kashin yaro ba ƙazanta ba ne sosai, a kwashe da kara ko tsumma a wurga bayan katanga ko kan juji, alhali shi ya fi na babba ɗaukar ƙwai da ƙwayoyin cuta. Fo na roba ba shi da tsada, a zuba a masai a wanke hannu da sabulu, in babu ko toka ce.

Amma kar in yi muku irin tallan da nake kuka da shi. Masai da sabulu ma su kaɗai an gwada. Manyan gwaje-gwaje uku a Bangladesh da Kenya da Zimbabuwe, sakamakonsu ya fito a 2018 da 2019, an gina wa mutane masai an ba su sabulu da maganin tace ruwa, a Bangladesh zawo ya ragu giardiya ma ta ragu, amma tsayin yara bai ƙaru ba a duka ukun. Inda aka ga ƙari, shi ma ɗan kaɗan, shi ne rukunin da aka ba yaran ƙarin abinci mai gina jiki. Masu binciken da kansu suka ce tsaftar da aka kawo ba ta kai ta raba yaro da ƙazantar muhallinsa ba, ga dabbobi ga maƙwabta ga ruwan da ke sake gurɓata a randa. To ka ga dole magana ta dawo kan kwano.

Me ɗan wata bakwai yake ci a ƙauye? Koko ko kunun gero tsararo, ruwa-ruwa yadda zai bi ta cokali ko a ɗura da hannu, wani lokacin da ɗan sukari, shi kenan. Cikinsa ƙarami ne, ya cika da ruwa ya ƙoshi amma babu abin da ya samu. Ga gyaɗa a gidan an kai kasuwa, ga wake, ga waken suya ana awara ana sayarwa, ga zogale a bayan ɗaki, ga ƙwai kaza ta saka an tara don a sayar ko a bar mata ta kwanta, kuma har yanzu akwai gidajen da ake cewa in an ba yaro ƙwai zai yi sata ko ya daɗe bai yi magana ba. Haba Gwaggo. Kunu ya yi kauri, a sa garin gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, a ɗiga manja ko man gyaɗa, a daka busasshen kifi a barbaɗa, ƙwai ko sau uku a sati ne in hali ya yi. Na san akwai gidan da ko geron ma aune ake, musamman daga Yuni zuwa Agusta lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon amfani bai zo ba, wannan ba maganar wayar da kai ba ce maganar talauci ce kuma ba ni da bakin yi musu wa'azi. Amma akwai gidaje da yawa da abin yana nan, tsarin rabon ne kawai bai san da yaro ba, maigida ke cin tsokar yaro ya sha romo.

Kafin wata shida kuwa nono zalla, wanda a 2018 kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Najeriya ke samu. Ruwan da ake ba jariri don wai zafi ya yi yawa, da dauri, da jiƙe-jiƙe, ta nan giardiya take samun hanya tun yaro bai san duniya ba. Ita ma uwar a duba ta tun tana da ciki, ta je awo ta sha maganin ƙarin jini, kuma bayan wata ukun farko ana iya ba mai ciki maganin tsutsa a asibiti a wuraren da mai ƙugiyar nan da ƙarancin jini suka yi yawa, don yaro da dama tun a ciki ya fara tsumburewa, an haife shi ƙarami. Yawancin asarar tsayin nan daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara biyu take faruwa, kwana 1,000 ɗin da ma'aikatan lafiya ke ta faɗa a rediyo, bayan nan kamo ta da wuya.

In an ba yaro maganin tsutsa, a koma awo bayan wata ɗaya ko biyu a ɗora shi a sikeli a kalli layin da ke kan katinsa, yana hawa ko ya kwanta. A sa a auna damtsensa da tef ɗin nan mai launi uku, in ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura in ka danna wurin ya lotsa, tamowa ce mai tsanani, cibiyar da ake ba da madarar gyaɗar nan ta masu tamowa za a nufa a ranar. In ciki ya kumbura ya yi tauri, yana amai kore ko yana aman tsutsa, ba kashi ba tusa, kar a ƙara masa wani magani a gida, tsutsa kan dunƙule ta toshe hanji kuma wani lokacin sai an yi tiyata. In kuwa ya sha maganin, ana ba shi abinci daidai gwargwado, ba ya zawo, amma layin katin ya ƙi tashi, to a roƙi likita ya duba jininsa, ya duba sikila da zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa, ya tambaya ko akwai mai tsohon tari a gidan, don tarin fuka a jikin ƙaramin yaro sau da yawa ba da tari yake fara nuna kansa ba, da rama yake farawa.